Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A hawa na uku, bayan tashar jirgin ƙasa ta Braga,
inda da can ake ɗinka takalma,
muka sake gina ƙauyen da madatsar ruwa ta haɗiye.
Wata takwas. Telmo ya jera duwatsu a kwamfuta,
Iolanda ta bi tsofaffi gida-gida da rikoda
tana tambayar wace ƙofa ce ke kuka in an tura ta.
Ni aka bar wa abin da ba ya fita a hoton talla:
shiga da fita.

Da farko na yi ganganci.
Ka ɗaura tabarau, duhu, sai ga ka tsakiyar ƙauye, rana tsaka.
Wata malamar makaranta ta dafe bango,
cikinta ya juya, ta ce a cire mata.
Ashe ido na gudu, ƙafa na tsaye,
jiki ya rasa wanda zai gaskata cikinsu.
Ba a jefa baƙo tsakar gida ta saman katanga.
Gida, ko da haske aka gina shi, yana son zaure.

Sai na zana ɗakin da muke ciki, yadda yake:
kujerar roba, tabon ruwa a silin,
har wayar wutar da Telmo ya ƙi naɗewa.
Ka sa tabarau, ka ga ba inda ka je.
Sannan bango ya fara laushi,
fentinsa ya koma dutse,
ƙarar motoci ta ja da baya kamar mai jin nauyi,
ƙararrawar awaki ta matso.
Tebur ɗaya na bari, na katako, na gaske,
a can ma yana nan, a wuri guda,
don hannu ya samu shaida.

Ran Laraba Albano ya zo, shekara tamanin da ɗaya,
hularsa a hammata.
Bai kalli cocin ba, bai kula gadar da ta hana mu barci ba.
Ya juya hagu, taku huɗu, ya tsaya
gaban ƙofar da muka kwaikwayo daga wani hoto da ya koɗe.
Ya ce, "Matakalar uku ce, ba biyu ba."
Ya ɗaga ƙafa yana neman ta ukun
a kan daɓen siminti.

Lokaci ya cika, na kashe,
yadda ake kashe fitila.
Ya cire tabarau, shatin roba a goshinsa,
ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.
"Wancan karon ma haka suka yi," in ji shi,
"amma su sun ba mu wata guda mu kwashe kaya."

Daren nan ban koma gida ba.
Na iya marhabin, rakiya ce ban koya ba.
Na gwada ruwa ya taso a hankali, na goge:
ba zan nutsar da shi sau biyu ba.
Na gwada gajimare. Ƙarya ce mai kyan gani.
Wajen asuba na bar yamma ta yi a ƙauyen,
inuwa ta miƙe, wani daga nesa ya kira awaki,
ƙofar ta rufu da kukan da Iolanda ta ɗauko,
dutse ya koma fenti,
tabon silin ya dawo, da wayar Telmo.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Goma ta yi kama da kora,
a sha biyu mutum ya fara ganin ɗinkin.

Ya dawo bayan sati. Matakala uku.
Da ƙofar ta rufu, tafinsa na kan tebur,
ya jima bai taɓa tabarau ba,
ko da yake ɗakinmu kawai yake gani a ciki.
Ba wanda ya ce uffan.
Can ya cire da kansa, ya share gilashin da hannun riga,
ya miƙo mini,
ya tambayi ƙarfe nawa bas ɗin ƙarshe ke tashi.